Allurar zafi tana hawa a cikin yashi: amsa ga mai tsohuwar Land Rover

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a wani ƙauye a yankin Sule Tankarkar. Na gaji tsohuwar Land Rover a wajen mahaifina, doguwar nan Series III mai shan fetur, da ita nake kai riɗi da zoɓo kasuwar Maigatari. A kan kwalta allurar zafi tana tsayawa a tsakiya, amma da na sauka cikin yashi da kaya sai ta kama hawa har ta kusa ja, sau biyu ma ta tafasa. Wani bakanike ya cire mini tamosta, ya ce kayan ƙasar sanyi ne, amma ba ta canza zani ba. Wane zafi ne daidai ga irin wannan injin, kuma me ya kamata in duba?"

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ka ci moriyar abin da ya bar maka. Abu uku na gani a tambayarka, Malam: zafin da ya dace da injin, dalilin da ya sa yashi ne kawai yake tayar da allurar, da kuma ko cire tamostan nan daidai ne. Na haura shekara talatin ina kwanciya ƙarƙashin irin waɗannan motoci, tun ina yaron gareji a Kano, kuma ƙorafin nan naka duk bazara sai an kawo mini shi.

Zafin da injin yake so

Motarka an ƙera irinta daga 1971 zuwa 1985. Injinta mai silinda huɗu ne, lita 2.25, gangar jikinsa da kansa duk baƙin ƙarfe ne na zubi, kuma ruwan da ke zagayawa cikinsa da lagireto wajen lita 8 ne. Fetur ɗin da kake zubawa ba duka ne yake zama gudu ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku yana fita ta salansa, kusan wani kashin ɗaya kuma ruwan nan ne yake kwashe shi ya kai lagireto iska ta tafi da shi. Don haka zafi ba ciwo ba ne a jikin inji, da shi aka gina shi. Lafiyayyen inji irin naka, idan ya gama ɗumama, ruwansa yana zama tsakanin digiri 80 da 90 a ma'aunin Salshiyas. Da kaya a cikin yashi, a watan Afrilu ko Mayu da iskar waje kanta ta haura 40, idan ya taɓa 95 ya sauko bayan ka fita daga yashin, ba zan ɗaga hankalina ba. Abin tsoro shi ne ya wuce 100 yana ci gaba da hawa, ko kuma ya ƙi saukowa bayan aikin ya yi sauƙi.

Mutane da yawa suna ɗora hannu a kan lagireto, su janye da sauri, su ce mota ta yi zafi. Hannun mutum ko digiri 60 ba ya iya jurewa. Lagireton da za ka iya barin tafinka a samansa bayan tafiyar awa guda, wannan shi ne abin tuhuma.

Kafin ka sayi komai, ka tuhumi allurar

Gejin Series III ba shi da lambobi, haruffa ne kawai, C da N da H, wato sanyi da daidai da zafi, kuma ya haura shekara arba'in yana shan girgizar burji. A bayan agogon gudu akwai wani ɗan ƙarfe da bai kai kwalin ashana ba, muna ce masa sitabilaiza. Aikinsa ya rage wutar batir zuwa bolt 10 kafin ta shiga gejin mai da gejin zafi. Idan ya lalace, ko wayar da ke haɗa shi da jikin mota ta yi tsatsa, sai allurai biyun su riƙa ƙari. Ka lura da kyau: in allurar zafi ta hau, ita ma ta fetur tana hawa tare da ita, alhali ba ka tsaya gidan mai ba? To ba injin ba ne. An taɓa kawo mini wata daga wajen Garki, mai ita ya canza famfon ruwa, ya canza lagireto, ya kashe kuɗi masu yawa, ashe ɗan ƙarfen nan ne. Minti goma aikin ya ɗauka, har kunyar karɓar kuɗinsa na ji.

Taka dai ta tafasa har sau biyu, saboda haka zafin gaske ne. Duk da haka ka auna. Ka nemi bindigar auna zafi ta masu aikin inji, ana samunta a Kano, amma ba irin wadda aka riƙa nuna mana a goshi lokacin korona ba, waccan ta jikin mutum ce. Ka nuna ta a gidan tamosta, inda tiyon sama ya fito daga kan inji, sa'annan tankin lagireto na sama da na ƙasa. Ka yi haka a kan kwalta, ka sake yi da zarar ka fito daga yashi. Daga ranar ka san me N take nufi a taka motar.

Maganar tamosta

Abokin aikin nan nawa da ya cire maka shi, ba shi kaɗai ba ne, al'ada ce da ta cika garejinmu, ni ma a kanta aka koya mini aiki. Amma an bar jaki ne ana dukan taiki. Tamosta ƙofa ce kawai. Da safe yana rufe, ruwa yana kewayawa cikin inji har ya ɗumama, da ya kai zafin da aka rubuta a jikinsa sai ya fara buɗewa ruwa ya wuce lagireto. Na irin injinka iri biyu ne aka saba gani, mai 74 da mai 82. Da zarar ya buɗe gaba ɗaya ya gama nasa, sauran aiki na lagireto ne da fanka. Wato hana inji yin sanyi shi ne aikinsa. Motar da take tafasa da lafiyayyen tamosta za ta tafasa ba shi, sai dai a jinkirta mata da 'yan mintuna.

A wannan injin ma cirewar tana iya ƙara ɓata lamari. Akwai wata gajeriyar hanya daga gidan tamosta zuwa famfon ruwa, wadda ruwa ke bi lokacin da ƙofar take rufe. Tamostan asali yana da wani zobe kamar siket a jikinsa, idan ya buɗe sai zoben ya tare gajeriyar hanyar, dole ruwa ya bi ta lagireto. In babu shi, wani kaso na ruwan zafin sai ya riƙa yanke ya koma cikin inji bai ga lagireto ba. Shi ya sa in za ka saya a kasuwar Kofar Ruwa ta Kano ka ce mai siket kake so, kada a ba ka kowane iri don kawai ya shiga ramin.

Sai kuma hunturu. A Disamba da Janairu, ka tashi da asuba za ka Maigatari ranar Alhamis, sanyi yana ratsa ƙashi, injin da ba tamosta zai yi tafiya mai nisa bai ɗumama ba. Fetur ba ya ƙonewa sosai, yana wanke baƙin man da ke bangon silinda, ya gangara cikin man ya tsinka shi. Mota ta ƙara shan mai, ringi su riƙa cinyewa a hankali. Wannan ɓarnar ba ta ihu, shi ya sa ba a ɗora wa wanda ya cire laifi. Ka mayar da shi. Kafin ka ɗaura, ka ɗora tukunya a wuta, ka rataya shi da zare a cikin ruwan, ka ga ya buɗe tun kafin ruwan ya tafasa, ya kuma rufe in ya huce, don sabo ma yana zuwa a mace. Ni ga motar kaya mai shiga yashi mai 74 nake sawa, saboda tana shiga yashin da ɗan sarari. Wanda ya sa mai 82 bai yi laifi ba.

Me ya sa sai a cikin yashi

Nan ne maganarka ta ba ni haske. A kan kwalta gudun mota shi yake cusa iska cikin lagireto, fanka ɗan taimako kawai take yi. A cikin yashi komai ya juye: injin yana aikin da ya fi na kwalta nauyi, motar kuma tana rarrafe, iskar gaba ta ɗauke. In kuma iskar tana bin bayanka, ko ɗan abin da ya rage ya tafi. Fanka ce kaɗai ta rage, ita kuwa fanbel ke juya ta tare da famfon ruwa, gudunta gudun inji ne. Direban da ya bar mota a babbar giya tana nishi, ya danne totur har ƙasa, ya haɗa zafi mafi yawa da iska mafi ƙaranci a lokaci guda.

Saboda haka tuƙi ma yana cikin maganin. Kafin ka shiga yashi mai zurfi ka tsaya, ka ja sandar nan mai jan kai baya, ka shiga ogzilari, wato giyar ƙarfi mai rage gudu, ka ɗauki giya ta biyu ko ta uku. Injin zai juya da sauri ba tare da wahala ba, fanka da famfo su samu gudu. Mai kan rawaya da ake dannawa ƙafa huɗu kawai take ba ka, ba ta rage wa inji nauyi. Ka rage iskar tayoyi kaɗan in yashin yana da tsawo, ka mayar in ka hau kwalta. Ka kuma taɓa gangunan birki bayan tafiya, in ɗaya ya fi sauran zafi, birkin yana riƙewa, injin yana jan buhunan da ba ka loda ba.

Ga yadda nake rarrabewa a gareji. Motar da take zafi a tsaye ko a tafiyar rarrafe, ta huce in ta samu gudu, iska ce ta yi mata ƙaranci. Wadda take lafiya a cikin gari amma ta hau in an miƙe hanya da gudu, ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata, ko lagireto ya toshe daga ciki, ko tiyon ƙasa yana shaƙewa saboda ya yi laushi, ko tsatsa ta cinye fukafukan famfo. Taka ta fi kama da ta farkon, amma a tsohuwar mota da wuya ka samu laifi ɗaya tilo.

Ka fara da fanbel. Ka danna shi da babban yatsa a tsakiyar doguwar tazararsa, kada ya lotsa fiye da santimita ɗaya ko kusa da haka. In gefensa ya yi sheƙi kamar an goga masa mai, yana zamewa ne ko da bai yi kuka ba. Sai kwanon da ke kewaye da fanka a bayan lagireto. Yara a gareji suna cire shi don yana takura hannu, su jefar bayan gini, ba a ƙara tunawa da shi. In babu shi, fanka daga gefe take jan iska, ba ta cikin lagireto ba. In naka ya ɓata, mai walda zai iya lanƙwasa maka wani da falange. Ka duba kuma ko an taɓa juya fankar baibai wajen ɗaurawa, tana jan iska a haka amma da rauni. Jarka, fitilun ado, allon rubutu, duk abin da aka rataya a gaban ragar mota a sauke shi.

Lagireto, ciki da waje

Kai mai shiga gona ne lokacin kaka. Ƙaiƙayin gero, ƙarangiya, 'ya'yan ciyawa da ƙurar hunturu suna cusuwa tsakanin siraran fukafukan lagireto, in akwai ɗan yoyon mai sai su zama kamar yaɓe. Da dare ka sa tocila a bayansa ka leƙa ta gaba. Inda haske bai fito ba, iska ma ba ta wucewa. A wanke daga baya zuwa gaba, da ruwa marar ƙarfi, don injin wankin mota mai matsi yana kwantar da fukafukan.

Cikin kuwa shi ne babban ciwon motocin yankinmu, kuma mu muke jawo shi da ruwan rijiya da na burtsatse. Ka leƙa butar da ake dafa shayi kullum, za ka ga farin ɓawo ya kama gindinta. Shi ne yake kama bututun lagireto, ga tsatsar baƙin ƙarfen inji tana taruwa a kai. Bara aka jawo mini wata daga fadamar Hadeja, an canza mata gaskit ɗin kan inji sau biyu a shekara ɗaya. Na sa aka kai lagireton wajen mai dalma ya ɓalle tankin sama. Da muka leƙa, bakunan bututun sun cika da wani abu ja-ja fari-fari kamar busasshen koko, fiye da rabi ko tsinke ba ya shiga. Yaro ya wuni yana zura tsohon ƙarfen auna baƙin mai cikin kowane bututu, ɗaya bayan ɗaya, abin da ya fito ya kusa cika gwangwanin madara. A ciki har da burbushin barkono, domin wani ya taɓa zubawa don tsayar da yoyo. Barkono da ɗanyen ƙwai suna kai mutum gida ranar da ya maƙale a daji, ban musa ba, amma abin da ya toshe huda shi zai toshe bututu.

Kai ma kana iya ganewa ba tare da an ɓalle ba. Mota ta ɗumama, ka kashe ta, ka bi fuskar lagireton da bindigar auna zafi. Ya kamata zafin ya riƙa raguwa a hankali daga sama zuwa ƙasa, ko'ina bai ɗaya. In ka samu wani yanki, galibi tsakiya, ya fi kewayensa sanyi sosai, ruwa ba ya bi ta nan. In bututun sun ruɓe, a sa sabon ciki, kada a yi ta liƙe-liƙe. Ranar da aka cire lagireton a kwance ƙusar zubar da ruwa ta gefen inji a wanke gangar jikin ma, in ba haka ba dattin da ke kwance a can zai dawo cikin sabon aikin.

Daga nan ka daina ba ta ruwan rijiya. Ruwan sama da aka tara a roba mai tsabta aka tace ya fi, ko ruwan batir wanda ba asid. Ka haɗa da kulan na gaske, wato ruwan maganin nan mai kala na lagireto, kashi ɗaya kulan kashi biyu ruwa ya wadatar a nan tunda ƙanƙara ba ta damunmu, maganin tsatsar da ke cikinsa muke nema. A canza duk shekara biyu. Akwai na jabu, ruwa ne da kala, ka saya inda ka yarda da su. Kuma guba ne mai ɗan zaƙi, kada a zubar da tsohon inda awaki ko yara za su kai baki.

Murfin lagireto shi ne abin da aka fi rainawa. A yankinmu ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 98 zuwa 99. Murfin asali na motarka mai lamba 9 ne, yana riƙe matsin da ke ɗaga tafasar zuwa wajen 113. In robarsa ta tsage ko sifirin ya saki, motar za ta yi aman ruwa a zafin da lafiyayya za ta wuce abinta, ruwa ya ragu, zafin gaske ya biyo baya. Na sha ganin an toshe bakin da leda da tsumma. Kada kuma a sa maka mai lamba 15 na motocin zamani, tsohuwar dalma da tsofaffin tiyo ba za su ɗauka ba. Land Cruiser ta wancan zamanin mai 13 take amfani da shi, ruwanta ma ya kusa ninka naka, don haka kada a gwada maka da nata.

In duk wannan ya yi daidai tana nan tana hawa, a duba taimin, wato lokacin da wuta take kama fetur a cikin inji. Wutar da take makara tana sa fetur ya ƙarasa ƙonewa a bakin salansa, mota ta yi nauyin ƙafa ta kuma yi zafi. A cikin dilko, mai raba wuta ga fulogai, akwai wasu 'yan ƙarafa masu buɗewa da gudu, ƙura tana sa su cije. Kafireton da yake ba da fetur kaɗan, ko yake shan iska ta gefe, shi ma yana ƙara zafi.

In ta tafasa maka a hanya

Ka tsaya, ka juya gabanta wajen iska, ka ɗaga bonet. In fanbel yana nan kuma ruwa bai zube ba, kada ka kashe nan take, ka bar ta tana juyawa da ɗan totur, allurar za ta sauko. In tiyo ya fashe ko fanbel ya tsinke, kashe ta. Kana iya yayyafa ruwa a fuskar lagireto, amma ban da kan inji. Murfi kuwa kada ka kusance shi sai bayan rabin awa, da tsumma mai kauri, ka murɗa zuwa gaɓar farko ka bar tururi ya gama fita. Akwai tabo a damtsena na dama tun ina ɗan shekara goma sha bakwai. Direba yana gaggawa, ni ina son in burge, na murɗe murfin gaba ɗaya, ruwan ya yi tsalle ya fi tsayina. Ban tsaya nan ba, da hannun hagu na juye bokitin ruwan randa a cikin injin da yake a kashe. Ƙarar da na ji, ƙas, kan injin ne ya tsage. Maigidana bai doke ni ba, ya dai sa ni na kwance kan da kaina da hannu a naɗe. In za ka ƙara ruwa, injin yana juyawa, kaɗan-kaɗan.

Tunda taka ta tafasa sau biyu, a gwada gaskit ɗin kan inji. Da safe tana sanyi, ka cika lagireto, ka bar murfi a buɗe, ka tayar. Kumfa mai fitowa ba ƙaƙƙautawa, ko, in ka mayar da murfin, tiyon sama ya yi tauri cikin minti ɗaya ko biyu, ko farin hayaƙi da ba ya ɗaukewa bayan ta ɗumama, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, kowanne daga ciki ya isa a buɗe. In an buɗe, ni ba na yanke hukunci a kan lanƙwasa ko tsagewar kai da ido, Kano nake aikawa wajen masu injin gogewa su auna. Kuma duk abin da na faɗa daga nesa na faɗe shi, ban ji kukan motarka ba, ban kuma ga ko injin asalin ne a ciki ba, don da yawa an sauya musu wani, geji yana karanta abin da ba nasa ba. Ka mayar da tamosta, ka canza murfi, ka leƙa lagireton da tocila, sa'annan ka aiko mini da abin da bindigar ta nuna a gidan tamosta da tankin sama da na ƙasa, a kwalta da kuma bayan yashi, tare da yawan buhunan da ke bayanta a ranar.